Mai hanya da mai kaya: yadda aka gina daulolin mulkin mallaka, da kamarsu da ikon intanet

A farkon ƙarni na 16, ɗan kasuwar da ya loda masoro ko tufafi a jirgin ruwa daga gaɓar yammacin Indiya, yana da wata takarda da dole ya riƙe kafin ya kwance igiyar jirginsa. Turawan Fotugal ne ke bayar da ita, suna kiranta kartas, kuma a cikinta ake rubuta sunan mai jirgi da irin kayan da ya ɗauko da tashar da ya nufa. Jirgin da suka tare a teku babu wannan takarda, kayansa sun zama ganima. Fotugal ƙaramar ƙasa ce, mutanenta ba su noma masoron ba, ba su saƙa tufafin ba, kuma ba su da yawan sojojin da za su mamaye ko da sashe ɗaya na Indiya. Abin da suka yi shi ne su nemo maƙurar hanya su zauna a kanta: sun kama Goa a 1510, sun kama Malaka a 1511, sun tabbatar da ikonsu a Hurmuz a 1515. Da waɗannan tashoshi ƙalilan suka sa fataucin da ya girme su da ɗaruruwan shekaru ya riƙa biyan su kuɗin fito.

Na fara da wannan labari ne domin a 'yan shekarun nan an yawaita kiran manyan kamfanonin intanet da sunan sababbin 'yan mulkin mallaka. Kalma ce mai nauyi, wadda ke ɗauke da jinin mutane da yawa, don haka bai kamata a riƙa jefa ta ba tare da an auna ba. Idan aka auna kuwa, za a ga cewa kamar da ke tsakanin zamanin biyu ta fi ƙarfi a wajen riƙe hanya da rubuta ƙa'idar wucewa a kanta, kuma ta raunana ƙwarai idan aka zo maganar bindiga da tilastawa. A ganina duk wanda yake son fahimtar ikon da ke cikin hanyoyin sadarwa na zamani, ya kamata ya fara karanta yadda dauloli suka soma, tun kafin a kafa tuta a kuma zana iyaka, lokacin da abin da ake gani kawai shi ne kamfani da ɗakin ajiyar kaya da littafin lissafi.

Kamfanin Gabashin Indiya na Ingila ya sami takardar izini daga Sarauniya Elizabeth ta ɗaya a ƙarshen shekarar 1600, takwaransa na Holan kuma aka kafa shi a 1602. Dukkansu na masu hannun jari ne, masu neman riba. Kamfanin Ingila ya shafe kusan shekara 150 yana ciniki a 'yan tashoshi na bakin teku, yana neman yardar sarakunan Mughal, masu mulkin yawancin Indiya a lokacin, kamar kowane baƙo. Al'amarin ya juya ne a 1757, lokacin da Robert Clive ya ci sarkin Bangal, Sirajud Daula, a yaƙin Plassey, bayan ya riga ya saye babban kwamandan sarkin, Mir Jafar. Shekara 8 bayan haka, a 1765, sarkin Mughal Shah Alam na biyu ya miƙa wa kamfanin ikon karɓar harajin Bangal da Bihar da Orissa, ikon da ake kira diwani. Daga wannan rana lissafin ya canja gaba ɗaya. A da kamfanin yana kawo azurfa daga Turai ya sayi tufafin Bangal. Yanzu kuwa harajin mutanen Bangal yake karɓa ya sayi tufafin Bangal da shi, ya kai Landan ya sayar. Lokacin da mummunar yunwa ta 1770 ta kashe miliyoyin mutane a yankin, karɓar haraji bai tsaya ba.

Irin wannan tsari ya sake bayyana a kogin Neja. Kamfanin George Goldie ya haɗiye abokan takararsa ɗaya bayan ɗaya, sannan a 1886 ya sami takardar izini ya zama Kamfanin Royal Niger. Shi ne ɗan kasuwa a kogin, shi ne mai sanya kuɗin lasisi da kuɗin fito a kan sauran 'yan kasuwa, shi ne kuma alƙali idan an yi jayayya. Mutanen Nembe, waɗanda suka gaji fataucin manja a wannan kogi kaka da kakanni, sun wayi gari an mayar da su 'yan fasa-ƙwauri a kasuwarsu, har abin ya kai su ga kai hari hedikwatar kamfanin a Akassa a watan Janairun 1895 ƙarƙashin Sarki Koko. Da gwamnatin Birtaniya ta karɓi yankin a ranar 1 ga Janairun 1900, ta biya kamfanin diyyar fam 865,000.

Wannan haɗuwar matsayi uku a hannu ɗaya, wato mai kasuwa da mai kasa kaya a cikinta da mai yanke hukunci, ita ce kama ta farko da ta fi fitowa fili a duniyar intanet. Kusan kowace wayar zamani a duniya tana aiki ne da ɗaya daga tsari biyu, Android na Google ko iOS na Apple. Mai ƙirƙirar manhaja, a mafi yawan ƙasashe, galibi sai ya bi ta kantin ɗayansu kafin ya isa ga jama'a, kuma shekaru da dama la'adar da ake cira a kan cinikinsa ta kai kashi 30 cikin 100. Mai kantin yana iya cire manhajarsa a dare ɗaya, yana iya canja ƙa'ida, yana kuma iya fito da tasa manhajar ta yi takara da shi. A 2017 Tarayyar Turai ta ci Google tarar yuro biliyan 2.42 saboda yana fifita nasa shafin sayayya a kan na wasu a sakamakon bincike. A watan Agustan 2024 kuma wani alƙalin tarayya a Amurka, Amit Mehta, ya yanke hukunci cewa kamfanin ya riƙe kasuwar bincike ta hanyar da ta saɓa doka. A shari'ar ce aka ji cewa a 2022 kaɗai ya biya Apple kimanin dala biliyan 20 domin ya kasance shi ne injin binciken da mutum zai tarar a wayarsa tun daga shago.

Akwai dalilin da ya sa irin wannan iko ke taruwa wuri guda, kuma dalilin bai buƙatar mugunta kafin ya yi aiki. Amfanin kafar sadarwa yana ƙaruwa ne da yawan waɗanda ke cikinta. Mutum yana shiga WhatsApp saboda 'yan'uwansa da abokan cinikinsa suna can, shigarsa kuma ta ƙara wa wani dalilin shiga. Ko da wata manhaja ta fito wadda ta fi ta kyau, wanda ya koma can shi kaɗai zai tarar da kango. Haka tashar Malaka ta kasance: kowa yana zuwa ne saboda kowa yana zuwa, don haka wanda ya kama ta bai buƙaci tilasta wa kowa ya zo ba.

Sai kuma batun yarjejeniya, wanda ya cancanci a ɗan daɗe a kansa. Daulolin Turai suna matuƙar son takarda mai sa hannu, domin ita ce hujjar da suke nuna wa junansu. Wakilai sun bi ƙasashen Afirka da takardu bugaggu, an bar gurbin sunan sarki da na ƙasa, ana cikewa da hannu, a karanta wa sarki ta bakin tafinta, ya dangwala alama. A 1888 aka sa Lobengula, sarkin Ndebele a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabwe, ya amince da takardar da ta ba mutanen Cecil Rhodes ikon haƙar ma'adinai a ƙasarsa, bisa alkawuran baka da ba a rubuta a cikinta ba; da ya gane abin da ke ciki ya yi ƙoƙarin janyewa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Misali mafi ban mamaki shi ne yarjejeniyar Wuchale ta 1889 tsakanin Italiya da Sarki Menelik na Habasha. Sashe na 17 a harshen Amhara ya ce Habasha tana iya neman taimakon Italiya wajen hulɗa da ƙasashen waje idan ta so, amma a harshen Italiya sai ya zama wajibi, wanda ke nufin ƙasar ta shiga ƙarƙashin kariyarsu. Menelik ya yi watsi da ita, aka kuma warware maganar a fagen yaƙin Adwa a 1896, inda Habasha ta yi nasara.

Yanzu a dubi mutumin da ya sayi sabuwar waya, ya kunna ta, allo ya kawo masa doguwar takarda da ƙananan haruffa, sau da yawa cikin harshen da ba nasa ba, a ƙasa kuma akwai maɓalli guda na amincewa. Ba zai karanta ba, kuma ko ya karanta babu layin da zai iya gogewa, babu kuma wanda zai yi ciniki da shi. A cikin takardar an faɗi irin bayanan da za a ɗiba daga gare shi, da waɗanda za a iya ba su, da kotun ƙasar da za ta saurari ƙara idan an saɓa, da kuma haƙƙin kamfani na canja sharuɗɗan duk lokacin da ya ga dama. Ba na cewa danna maɓalli daidai yake da rasa ƙasa. Abin da ya haɗa su shi ne aikin da takardar ke yi: ɓangare ɗaya ne ya rubuta ta, ɗayan bai da damar fahimta ko musu, daga baya kuma ita ce shaidar cewa an yarda.

Idan aka sauka ƙarƙashin teku, kamar takan zama gado kai tsaye. An yi nasarar shimfiɗa wayar tangaraho mai ɗorewa a ƙarƙashin Tekun Atilantika a 1866. A 1870 wata wayar ta haɗa Bombay da wani ɗan ƙauyen bakin teku a kudu maso yammacin Ingila mai suna Porthcurno, ta biyo ta Aden da Masar da Malta da Jibralta, saƙon da ke cin makonni a jirgin ruwa ya koma isa cikin sa'o'i. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 kamfanonin Birtaniya ne ke da kusan kashi biyu cikin uku na irin waɗannan wayoyi a duniya, kuma a 1902 aka kammala layin da ya zagaye duniya ba tare da ya sauka a ƙasar da ba ta ƙarƙashin Birtaniya ba. Amfanin hakan ya bayyana a farkon watan Agustan 1914: sa'o'i kaɗan bayan Birtaniya ta shelanta yaƙi a kan Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya, jirgin Birtaniya ya fita ya yanke wayoyin Jamus, saƙonnin Jamusawa suka koma bin layukan da abokan gābarsu ke iya saurare. Ta haka aka kama saƙon Zimmermann a 1917, saƙon sirri da Jamus ta aika tana neman Meziko ta haɗa kai da ita a kan Amurka, wanda ya taimaka wajen jawo Amurka cikin yaƙin. Kusan shekara 100 bayan haka, a 2013, takardun da Edward Snowden, tsohon ma'aikacin leƙen asirin Amurka, ya fallasa suka nuna cewa hukumar leƙen asirin sadarwa ta Birtaniya tana kwasar bayanai daga igiyoyin intanet da ke sauka a gaɓar ƙasar, ciki har da Bude, a lardi ɗaya da Porthcurno.

A yau fiye da kashi 95 cikin 100 na bayanan da ke tsallaka nahiyoyi suna bin igiyoyin ƙarƙashin teku ne, kuma da yawansu suna bin tsofaffin hanyoyin tangaraho, suna cunkushewa a Bahar Maliya da Masar da mashigin Malaka. Abin da ya canja shi ne masu su. A da kamfanonin wayar tarho na ƙasashe ke haɗa kuɗi su shimfiɗa, yanzu kuwa kamfanonin da ke da manhajojin su ne kan gaba: Google ya shimfiɗa Equiano daga Fotugal zuwa Afirka ta Kudu, Meta, kamfanin da ke da Facebook, kuma yana jagorantar 2Africa mai tsawon kusan kilomita 45,000. Waɗannan igiyoyi sun sauƙaƙa intanet, sun ƙara masa sauri, babu musu a kan haka. Amma a ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyi huɗu suka lalace lokaci guda a tekun da ke gaban Kwaddibuwa, bankuna da ofisoshi a ƙasashe da dama na yammaci da kudancin Afirka suka tsaya cik, kowa ya ga yadda harkokin nahiya guda ke rataye a kan zare 'yan kaɗan.

Siffar hanyar ma tana da tarihi. Layin dogo na mulkin mallaka yana tashi ne daga inda ake haƙa ko ake noma ya miƙe zuwa tashar jirgin ruwa, bai damu da haɗa maƙwabci da maƙwabci ba. Shekaru da yawa haka intanet ya kasance a ƙasashe masu tasowa: saƙo tsakanin birane biyu maƙwabta sai ya je Landan ko Marsey ya dawo, ana biyan kuɗin tafiyar da kuɗin waje. Cibiyoyin musayar intanet na cikin gida sun rage wannan sosai, kuma suna cikin ayyukan da suka fi amfani duk da cewa ba a cika jin labarinsu ba.

Game da ɗanyen kaya, maganar da aka saba yi ita ce bayanan mutane su ne audugar wannan zamani: a kwashe su kyauta, a sarrafa a waje, a dawo da su a matsayin talla ko fasahar ƙirƙirarriyar basira, a sayar wa masu su. Akwai gaskiya a ciki, sai dai kwatancen bai cika ba, domin buhun auduga idan ya tafi ya tafi, bayani kuwa ana iya kwafarsa ya kuma rage a hannun mai shi. Abin da ke tafiya shi ne ribar haɗa bayanan miliyoyin mutane wuri guda, da ikon hasashen abin da za su so ko za su yi. Ɗanyen kaya na zahiri kuma yana nan yadda yake. Wayoyin tangaraho an lulluɓe su ne da ƙaron wata bishiya ta dazuzzukan Malaya da Borneo, har aka kusa ƙarar da ita. Batirin wayoyin yau kuma yana buƙatar ma'adinin kobal, wanda kusan kashi 70 cikin 100 nasa ke fitowa daga Kwango, ƙasar da aka taɓa zubar da jini a cikinta saboda roba. Haka nan aikin hannu: a 2023 mujallar Time ta ba da labarin ma'aikata a Nairobi da ake biya ƙasa da dala 2 a awa domin su karanta munanan rubuce-rubuce su yi musu alama, don a tsabtace manhajar ChatGPT.

Akwai wani fanni da ba a cika ambata ba, alhali ya fi kusa da zuciyar maganar, wato sanin wanda ake mulka. Turawan Ingila a Indiya sun fara babban aikin auna ƙasar da zana taswirarta a 1802, suka shafe shekaru da dama a kai. Sun yi ƙidayar jama'a, suka kasa mutane gida-gida bisa addini da asali, rabe-raben da daga baya suka taurare fiye da yadda suke a da. Amfani da zanen yatsa wajen tantance mutum ma a can ya soma a aikin hukuma: wani jami'i mai suna William Herschel ya fara sa 'yan kwangila su dangwala tafin hannu a Bangal a 1858, kuma a Kalkata aka buɗe ofishin zanen yatsa a 1897, kafin 'yan sandan Landan su buɗe nasu. Tsirarun baƙi ba sa iya mulkin miliyoyi sai sun san su a takarda. Abin da wayar hannu ke tarawa a kan mai ita a mako guda, na inda ya je da wanda ya kira da abin da ya tsaya ya kalla, ya wuce duk abin da wani jami'in mulkin mallaka ya taɓa mafarkin samu.

Kowace daula kuma tana da kyakkyawan sunan da take kiran aikinta da shi. Sarki Leopold na biyu na Beljiyam ya sami Kwango a lokacin taron Barlin na 1884 zuwa 1885 da sunan yaƙi da cinikin bayi da buɗe kasuwa ga kowa. A zamaninmu Facebook ya fito da shirin Internet.org a 2013, wanda daga baya aka kira Free Basics, da sunan sada talakawa da duniya kyauta. Abin da ake samu kyautar shi ne wasu zaɓaɓɓun shafuka da kamfanin ya amince da su. A watan Fabrairun 2016 hukumar sadarwa ta Indiya ta haramta irin wannan tsari, a cikin cecekucen da ya biyo baya kuma wani ɗan kwamitin gudanarwar kamfanin, Marc Andreessen, ya rubuta cewa adawa da mulkin mallaka ta daɗe tana cutar da tattalin arzikin Indiyawa. Ya nemi afuwa, shugaban kamfanin Mark Zuckerberg ma ya nisanta kansa da maganar, amma ta riga ta nuna wa Indiyawa cewa ba su kaɗai ke ganin kamar ba.

Kamfani yana son ribar mulki, ba ya son ɗawainiyarsa. An ga haka a Miyanma, inda Facebook ya zama kusan shi ne intanet ga yawancin jama'a alhali masu duba rubutu da suka iya harshen ƙasar 'yan ƙalilan ne. Kalaman ƙiyayya a kan Musulmin Rohingya suka bazu kafin kisan gillar 2017, kuma a 2018 kamfanin ya amsa cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen hana amfani da dandalinsa don tunzura tashin hankali.

A bayan kamfani kuma kullum akwai gwamnati. Lokacin da Sin ta ƙwace kuma ta lalata ofiyam ɗin 'yan kasuwar Birtaniya a 1839, jiragen yaƙin gwamnati ne suka je suka buɗe kasuwar da ƙarfi, aka ƙare da miƙa Hong Kong a 1842. Bayan boren Indiyawa na 1857 gwamnatin Birtaniya ta karɓe Indiya daga hannun kamfani a 1858. A yau ma, idan rikici ya taso, sai a ga ƙasar da maɓallin ke hannunta. An cire bankunan Iran daga tsarin SWIFT na aika saƙon kuɗi a 2012, aka cire wasu na Rasha a 2022. A watan Mayun 2019 Amurka ta sanya kamfanin Huawei na Sin cikin jerin kamfanonin da ta taƙaita hulɗa da su, nan take sababbin wayoyinsa suka rasa manhajojin Google. Wata dokar Amurka ta 2018 ta ba hukumominta ikon neman bayanai daga kamfanonin ƙasar ko da an ajiye su a wata nahiya, alhali kamfanoni uku, Amazon da Microsoft da Google, su ke riƙe da kusan kashi biyu cikin uku na kasuwar hayar rumbunan bayanai ta duniya. Sin ma tana gina nata, tana shimfiɗa igiyoyi da na'urorin sadarwa a ƙasashe da yawa, tana kuma toshe nata iyakokin ga kamfanonin waje.

Duk da wannan, adalci ya wajabta a faɗi inda kwatancen ya karye, kuma karyewar babba ce. Mulkin mallaka ya tsaya ne a kan kisa. A 1621 kamfanin Holan ya kusa shafe mutanen tsibiran Banda, a Indonesiya ta yau, daga doron ƙasa domin ya mallaki gyaɗar ƙamshi shi kaɗai. A Omdurman a 1898 bindigogi masu sarrafa kansu sun kashe mayaƙan Sudan sama da 10,000 a wuni guda, alhali waɗanda suka mutu a ɓangaren Birtaniya da Masar ba su kai 50 ba. A Kwangon Leopold an yanke hannayen mutane saboda roba, a Namibiya kuma Jamusawa sun yi wa Herero da Nama kisan ƙare dangi tsakanin 1904 da 1908. Babu kamfanin intanet da ke da runduna ko gidan yari. Wanda ya daidaita su ya rage wa waɗancan matattu haƙƙinsu. Bayan haka mutane suna samun amfani na gaske daga waɗannan kafafe, na ilmi da ciniki da zumunci, da kansu kuma suke nema. Sannan dogaron bai tsaya kan tsofaffin ƙasashen da aka mallaka ba, domin Faransa da Jamus da Birtaniya su ma a rumbunan kamfanonin Amurka suke ajiya. Ikon kuma yana iya zagwanyewa da sauri: Nokia da BlackBerry da MySpace duk sun taɓa zama kamar ba za a iya ture su ba.

Bambanci mafi muhimmanci shi ne ƙasashen yau suna da gwamnatocin kansu, kuma wannan takobi ne mai kaifi biyu. Indiya ta gina tsarin biyan kuɗi na UPI a 2016, Burazil ta fito da Pix a 2020, dukkansu hanyoyi ne na jama'a da kowane banki ko kamfani ke iya hawa, kuma sun rage dogaro da kamfanonin katin waje. Tarayyar Turai ta fara aiki da dokar kare bayanai a 2018, daga baya ta tilasta wa manyan masu riƙe ƙofa su buɗe hanya ga kantunan manhaja na wasu, su kuma bari manhajojin saƙo su iya magana da juna. Wannan na ƙarshe ya taɓa jijiyar matsalar, domin abin da ke ɗaure mutum shi ne rashin iya fita da jama'arsa. Wasiƙar imel ba ta ɗaure kowa haka ba, tunda mai Gmail yana rubuta wa mai Yahoo ba tare da neman izini ba. A ɗaya gefen kuma, gwamnatoci da yawa suna ɗaukar kalmar 'yancin kai su rufe bakin jama'arsu da ita. Indiyar da ta kori Free Basics ta shafe shekaru a sahun gaba wajen katse intanet, musamman a Kashmir, wasu ƙasashe kuma suna kashe shi a ranar zaɓe. Mayar da maɓallin daga Kalifoniya zuwa fadar shugaban ƙasa bai isa ya mayar da shi hannun jama'a ba, kuma tarihin mulkin mallaka cike yake da masu iko na gida da suka ci ribar tsayawa tsakanin baƙo da talakawansu.

Fagen da ake fafatawa a yanzu, wanda ya fi kama da maganar diwani ta Bangal, shi ne haraji. Kamfani yana iya cin ribar talla daga miliyoyin mutanen wata ƙasa ba tare da yana da ko ɗaki ɗaya a cikinta ba, tsofaffin dokokin haraji kuma an rubuta su ne a kan wanda ke da gini da ma'aikata a wurin. A watan Oktoban 2021 ƙasashe 136 suka amince da wata yarjejeniya da aka tsara a ƙarƙashin OECD, ƙungiyar tattalin arziki da yawancin ƙasashenta masu arziki ne, yarjejeniyar ta ƙunshi mafi ƙarancin haraji na kashi 15 cikin 100 a kan ribar manyan kamfanoni, amma Nijeriya da Kenya da Pakistan da Siri Lanka suka ƙi sa hannu a lokacin, Nijeriya da Kenya suna ganin kason da zai zo musu bai kai abin da za su saki ba. A taron Barlin ƙasashe 14 ne suka zauna, babu Ba'afirke ko ɗaya a teburin. A watan Nuwamban 2023 kuwa, ƙasashen Afirka ne suka gabatar da ƙuduri a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa a mayar da tsara dokokin harajin duniya can, inda kowace ƙasa ke da ƙuri'a ɗaya. Ƙasashe 125 suka goyi baya, 48 suka ƙi, kuma a cikin waɗanda suka ƙi akwai Amurka da Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai.